Ranar da Inna Asibi Ta Taka Birki

Duk direban da ke jigilar ma'aikata tsakanin Suleja da Abuja ya san Bamalli Mai Birki, kuma da wuya ka samu wanda bai taɓa shan faɗansa ba. Gajere ne kakkaura, ga furfura ta fara cin gemu, ga murya wadda in ya ɗaga ta a garejinsa na hanyar Chaza sai mai shayin tsallaken titi ya waiwayo. Garejin ma sunan gareji ne kawai: rumfar kwano ce da benci da akwatin sifanu. Ba ya taɓa inji, ba ya taɓa wayoyin wuta. In ka kawo masa mota tana tari, sai ya nuna maka maƙwabcinsa da sifana ba tare da ya ɗago kai ba. Shi birki ya sani, kuma a kan birki ba ya raga wa kowa.

Abin da ya fi tayar masa da jijiyar wuya shi ne ya kwance birki ya tarar wani ya lafta wa robobin ciki baƙin giris. Nan fa direba zai ji abin da bai shirya ji ba. Robobin nan ƙanana ne, wasu kamar zobe, wasu kamar murfin kwalba, amma su ne ke tare man birki kada ya tsiyaye. Bamalli ya gaji da faɗa wa mutane cewa ba kowace roba ke son kowane mai ba. Robar inji da man juye take zaune lafiya. Ta birki kuwa ba ta shiri da duk abin da ya haɗa dangi da fetur, ko giris ne, ko kananzir, ko man juye. Da ta sha sai ta kumbura ta yi laushi, wata rana kana tsakiyar gudu ta saki. Man birkin kansa take so, ko kuma wani jan giris da ake yi musamman dominta. Direbobi sun haddace wannan huɗuba, har wasu kan riga shi ƙarasa ta don su tsokane shi.

Ba haka kawai ya zama mai zafi a kan birki ba. Yana ɗan firamare mahaifinsa Malam Tanimu, mai fataucin doya, ya hau wata babbar mota zuwa ƙauye, birki ya tsinke musu a wata gangara a hanyar Minna. Gawarsa aka kawo gida unguwar Magajiya. Mahaifiyarsa Asibi ba ta yi rantsuwa ba, ba ta yi wa kowa bayani ba, ta dai daina shiga mota. Da babura suka cika gari ba ta hau ba, da kekuna masu ƙafa uku suka zo ko kallonsu ba ta yi ba. Kasuwa da ƙafa, asibiti da ƙafa, biki da ta'aziyya duk da ƙafa. Inda ƙafa ba ta kaiwa, sai ta aika da gaisuwa.

Shi kuma autanta sai ya yi akasin haka. Da ya tasa, ya kai kansa wurin Oga Samuel, wani bakanike mutumin kudu, ya ce birki ya zo koya. Oga Samuel ya ce ai mota gaba ɗaya ake koya, yaron ya kafe. A makonsa na farko ya wanke robobin birki da fetur don ya burge maigida, ya samu ranƙwashin da har yau in ya ba da labari sai ya shafa wurin. Daga ranar ya fara tambayar wace roba ce wannan, me take ci, me ba ta ci. Ya yi aure, ya auri Rabi'a, ya tara iyali, motoci ba adadi suka bi ta hannunsa, amma shi kansa bai taɓa mallakar ko ɗaya ba. Ya ce motar da Inna ba za ta shiga ba, ta me zai yi?

To, Inna Asibi tana da yaya guda ɗaya da ta rage mata a duniya, Iya Bara'atu, wadda aure ya kai Lambata tun suna 'yan mata. Shekara da shekaru ita ke ɗauko ƙafa ta zo Suleja, kowace salla, kowane suna, tana zuwa tana mita cewa ƙanwarta ta mai da ita 'yar aike. Sai gwiwa ta kama ta, sai ido ya biyo baya, zuwa ya yanke. Aka koma waya, tsofaffin biyu suna ta kwarara wa juna ihu a kunne ba wadda ke jin rabin abin da 'yar'uwarta ke faɗa. Wata rana da la'asar, bayan irin wannan waya, Bamalli ya shigo gaishe da mahaifiyarsa ya same ta zaune da wayar a cinya.

"Cewa ta yi ba ta ƙara ganin komai," in ji Inna. "Wai in zo ta taɓa fuskata."

Ya zauna kusa da ita. Can sai ta ɗago, ta faɗi maganar da bai taɓa zaton zai ji ba.

"Auta, da a ce motarka ce, kai ka yi birkin da hannunka, kuma kai za ka ja, da na je."

Wayyo, ku zo ku ga Bamalli! Takalmi ɗaya ya saka, ɗayan a hannu ya fita da shi. Kafin magariba duk layin bakanikai sun ji Inna za ta shiga mota. Kafin mako ya zagayo ya gano wata tsohuwar mota Fijo a bayan gidan wani ɗan fansho, kaji sun mai da kujerar baya akurki. Aka jawo ta da igiya. Mai inji ya zo ya sa hannu, mai wayoyi ya zo, mai bugun ƙarfe ya zo, kowa yana cewa shi ma a sa da shi a ladan. A kan birki ne kaɗai ya ce kowa ya ja baya. Bai kuma bar motar a gareji ba, ƙofar gida ya kawo ta ya ɗora a kan bulo ya cire tayoyin, don Inna ta riƙa ganinta kullum har idonta ya saba. Takan fito ta wuce ta nesa da ita, tana harararta ta gefen ido.

Robobin birkin irin wannan tsohuwar mota sun yi wuyar samu. Nnenna ce ta nemo masa, wata mai sayar da kayan gyara da suka daɗe suna ciniki, ta sa ɗan'uwanta ya aiko daga kudu. Ranar da suka iso Bamalli ya buɗe su yana washe baki, ya jera a farantin Rabi'a, ya rasa inda zai ɓoye su daga hannun yara. Sai ya kai ɗakin Inna, tunda nan ne kaɗai yaran gidan ba sa taɓa komai. Aka tsayar da Asabar ranar tafiya, aka sanar da Lambata. Sai aiki ya rufto masa a gareji, ya yi kwana biyu bai waiwayi farantin ba.

Ranar Alhamis da yamma ya shigo da rawar jiki ya ce a miƙo masa kayansa. Inna ta jawo farantin daga ƙarƙashin gado, an lulluɓe shi da farin ƙyalle, ita kuma fuskarta sai annuri take. Ta yaye ƙyallen. Robobin sun yi baƙi siɗik, suna ta ƙyalli.

Duk wanda ya san Inna Asibi ya san ba ta iya ganin abu ya yi furu-furu ta ƙyale. Ƙwaurin jikoki, takalmin fata, gafakar Alƙur'ani, har ƙyauren ɗakinta in ya yi ƙara, duk maganinsu ɗaya ne, kwalbar basilin ɗin da ke kan tagarta. Sababbin robobi kuwa da 'yar farar hoda suke zuwa a jikinsu.

"Na gan su duk sun bushe, abin tausayi," ta ce. "Na shafe su ɗaya bayan ɗaya, kowace na tofa mata addu'a. Waɗannan za ka sa mini, hankalina ya kwanta."

Bamalli ya ɗauki guda ya matsa. Ta yi laushi luguf. Ya kai hanci, ƙamshin basilin ya doke shi. Ya fita waje ya gwada ta a mazauninta, ta ƙi zama, ta kumbura ta fi ramin girma. Basilin ai ɗan gidan fetur ne. Ya tsaya a gindin motar gumi na karyo masa, mutumin da bakinsa ba ya mutuwa yau ya rasa wanda zai yi wa faɗa.

Ya hau babur ya nufi shagon Nnenna kafin ta rufe. Da ta ji labari sai da ta riƙe ciki don dariya, sannan ta ga fuskarsa ta daina. Ta shiga ciki ta fito da wata leda.

"Oga Bamalli, ka san ni ba na sa a aiko mini abu guda ɗaya. Ga wani set. Ka sa wannan, ka ce wa Mama nata ne a ciki. Who go know? Wa zai sani? Roba duk baƙi ne."

Ya yi godiya, ya karɓa, ya ƙara da ƙaramin gwangwanin jan giris. A hanya shawarar Nnenna ta yi ta yi masa daɗi a rai, don ita ce mai sauƙi. Amma ya san Inna. Suna hawa gangara za ta juyo ta ce, waɗanda na shafa ne a ciki ko? Kuma duk duniya dalili ɗaya ya sa ta yarda za ta shiga motarsa, ta san bai taɓa ɓoye wa kowa gaskiyar birki ba. In ya fara yau, a kanta zai fara. Tsoro ya kama shi sosai, don ya san gaskiyar tana iya rushe tafiyar gaba ɗaya.

Ya durƙusa a bakin ƙofarta, ya ce ta buɗe tafin hannu. Ya ɗora mata sabuwar roba da wadda ta shafa, gefe da gefe. Ko ba a yi magana ba ido ya ga bambanci. Ya yi mata bayani a hankali, da muryar da direbobi ba su san yana da ita ba.

Ta daɗe tana jujjuya su. "Da ka sa su fa?"

"Ai ba zan sa ba, Inna. Ina taɓawa na gane."

"Ba shi na tambaye ka ba. Na ce da ka sa su."

Ya sunkuyar da kai. "Birkin zai iya cijewa. Ko kuma man ya tsiyaye, a taka a ji babu."

Ta ajiye robobin a kan tabarma kamar sun ƙone ta. "Wato da hannuna. Da hannuna zan yi maka abin da aka yi wa mahaifinka." Ta juya fuska ga bango. "Na fasa. Kira Yaya ka ce mata na fasa."

Bai kira kowa ba. Da safiyar Juma'a, maimakon ya tafi gareji, sai ya shimfiɗa buhu daidai ƙofar ɗakinta, ya wanke hannu tas, ya zauna da sababbin robobi da jan giris, ya yi kamar ba ya ganinta. Ya buɗe gwangwanin yana magana shi kaɗai, wai wannan man ba ruwansa da fetur, da man zurma ake yin sa. Inna ta ɗan motsa. Zurma ai ta san ta, a bayan gidan ubansu take fitowa. Shi kuwa ya dumbuzo giris da yatsa ya lafta wa roba, ya yi kaca-kaca da gangan, ya ɗauki ta biyu zai maimaita. Ta jure, ta jure, har ta kasa.

"Kai, haka ake shafa mai? Gemu fari amma ba ka iya shafa mai ba? Miƙo nan!"

Ta shinshina man, ta murza shi tsakanin yatsu, ta tambaye shi har sau nawa ko ya tabbata wannan ne abincinsu. Sannan ta ɗan lakato kaɗan ta bi kowace roba ta shafe sumul, ba yawa ba kaɗan, bakinta na motsi. Bamalli ya kwashe su yana ɓoye murmushi, ya fita ya haɗa birkin ƙafafun motar huɗu. Amma har yanzu ba ta ce ta janye maganarta ba.

Da ya gama sai ya dawo yana sosa ƙeya. Ya ce saura aiki ɗaya, kuma ba ya yiwuwa da mutum ɗaya. In an haɗa birki an zuba mai, iska takan maƙale a cikin bututu, dole a fitar da ita. Mutum ɗaya zai zauna a kujerar direba yana taka birki, ɗayan yana ƙarƙashi yana buɗe ɗan noti iskar na fita. Rabi'a ta tafi kasuwa, yara suna makaranta, ga shi bai kira kowa ba.

"In shiga mota?" Ta zaro ido.

"Inna, wace mota? Ga tayoyinta can jingine da bango. A kan bulo take. Yanzu ba ta fi gadonki tafiya ba."

Ta leƙa ta taga, ta ga tayoyin, ta ƙirga su da ido. Ta ɗauki hijabi. Labari ya riga ta fita, kafin ta kai ƙofar gida matan layi sun cika zauruka, masu shago sun bar shago. Ta tsaya a gefen motar ta dafa ƙofar. Ta yi bisimilla da ƙarfi, ta tattare zani, ta zauna. Wata maƙwabciya ta rangaɗa guɗa, Inna ta daka mata harara ta yi tsit.

Bamalli ya nuna mata abin takawa na tsakiya, wato birki, ya shige ƙarƙashi, muryarsa ta gareji ta dawo.

"Taka, Inna! Saki! Taka! Taka! Riƙe!"

Ta taka, abin ya shige har ƙasa ba wani tokari. Ta ƙwalla ƙara. "Babu! Auta, babu komai, ya shige!" Nan take ta fahimci abin da direban motar da ta kashe mijinta ya ji a ƙafarsa, hawaye suka zubo mata. Ta kama ƙofa za ta fita.

"Iska ce, Inna! Ita muke kora! Kada ki ɗaga ƙafa, ki ji ta tana fita!"

Ta kasa kunne. Daga ƙarƙashi ta ji fus, fus, kamar tukunya ta fara tafasa. Ta gyara zama. Ƙafar da ta yi shekara talatin da ɗoriya tana taka Suleja lungu da saƙo ba ƙafar wasa ba ce. Ta shiga takawa, yana ihu tana ihu, ya gama da wannan ƙafar motar ya mirgina waccan, ya fito ya ƙara mai ya koma. Masu kallo suka ɗauki amshi, in ya ce taka sai layi gaba ɗaya ya ce taka! A hankali abin ya fara tauri, ya daina kaiwa ƙasa, ya tsaya a rabi, ya tsaya sama da rabi.

"Auta! Ya ƙi tafiya! Yana ture ni!"

Ya fito daga ƙarƙashi duk jikinsa ƙasa, yana dariya yana haki. "Shi ke nan, Inna! Birkin ke nan kike ji!"

Ta sake takawa da dukkan ƙarfinta, ta riƙe sitiyari ta danna har ta ɗaga daga kujera. Ko gezau. Ta yi ta gwadawa, ta saki ta taka, ta saki ta taka, sai da ladan ya fara kiran sallar Juma'a. Sannan ta share fuska da gefen hijabi ta ce, ba ta kalli kowa ba, "Gobe da hantsi. Kuma gaba zan zauna, in ga ƙafarka."

Haka aka yi. Bamalli ya mai da tayoyi, ya zaga gari shi kaɗai ya gwada ta har ya gamsu, Asabar da hantsi suka ɗauki hanya da ƙullin goro da kwanon dambu a baya. Tafiya ce wadda babura ke wuce su, tankoki na danna musu oda a Maje, shi kuwa ko a jikinsa. Inna ta riƙe kujera da hannu biyu, ƙafarta ta dama na danna ƙasan motar. In an ɗan jima sai ta ce, "Taka mu ji." Ya taka, motar ta tsaya cak, ta gyaɗa kai, a ci gaba. Da suka wuce Dikko hanya ta fara gangara, ya sauko da motar sannu a hankali har ƙasa. A ƙasan ta saki kujerar, ta fara kallon gonaki ta taga tana tambayar yaushe aka yi duk waɗannan gine-gine.

A Lambata sun tarar da Iya Bara'atu a kan tabarma a ƙofar gida, tun asuba ta sa aka fito da ita. Da ta ji tsayuwar mota ta ɗaga kai tana tambayar wa ke nan. Inna ta laluba ta rasa inda ake buɗe ƙofa, ba ta kuma iya jira ba, ta zuro kai ta taga.

"Yaya! Yaya, ni ce!"

Aka kamo tsohuwar ta taso da ƙyar. Ta dafa ƙarfen motar mai zafi, ta bi shi da hannu har ta kai taga, ta samu fuskar. Ta shafa goshi, ta shafa kumatu, ta shafa haɓa.

"Asibi, kin tsufa."

"Ke kuma yarinya kika koma?"

Suka fashe da dariya da kuka lokaci ɗaya, ɗaya a ciki ɗaya a waje, kowace ta riƙe kan 'yar'uwarta.

"Da gaske a mota kika zo? Wa ya iya da ke?"

"Auta ne ya ja," in ji Inna, tana jan hanci. "Amma birkin, ni na yi."

Bamalli ya zagaya bayan motar ya durƙusa, wai zai taɓa ƙafafun motar ya ji ko sun yi zafi. Ba su yi ba, lafiyarsu lau. Ya zauna a nan ƙasa ya jingina da taya, yana jiyo muryoyinsu suna katse juna, farin ciki ya cika masa ƙirji har ya kasa tashi ya je ya buɗe mata ƙofar.